Maganar da Dakta Abdulfatahi Ya Hana Ni Faɗa Masa

Ranar Laraba, goma sha uku ga watan Agusta na shekarar 2025, da hantsi, ina tsaye a bakin injina ana sauke masara, wayata ta yi ƙara. Hajiya Kubura ce, maiɗakin Dakta Abdulfatahi Ahmed Kumbashi. Ba ta iya haɗa magana ba, ni kuma ban buƙaci ta haɗa ba. Wanda Ya ba mu shi Ya karɓi abinSa, kuma can dukkanmu muka dosa. Bayan Azahar muka yi masa salla, muka kai shi makwancinsa a nan Kontagora, ana yayyafi.

Tun daga ranar mutane ke tambayata: Alhaji Nuru, kai da kullum kuna tare, har yanzu ba ka ce komai ba? Ba rashin abin faɗa ba ne. Akwai wata magana da nake riƙe da ita, Dakta, wadda kai da bakinka ka hana ni faɗa maka, ni kuwa na ƙudurta ba zan ɗauki alƙalami ba sai ranar da ta halatta. Jiya ta halatta. Saboda haka duk wanda ya ji kamar akwai murna cikin wannan ta'aziyya, ya yi haƙuri, akwai ta.

Ni ba ɗan boko ba ne. Da ƙyar na ƙarasa sakandare, na shiga kasuwa da baro ɗaya ina tura dusa gida-gida. Yau duk mai turka rago daga nan har Ibeto ya san abincin dabbobin da ke fitowa daga injina, kuma ba wanda ya ɗaga ni sai Allah. Na faɗi wannan ne don a san ni ba mutum ba ne da takarda ke ruɗawa. Na ga masu digiri da yawa. Irinka ne ban taɓa gani ba.

Ba zan manta zuwanka na farko ba. Ka sauka daga acaɓa, dogo siriri, da gilashi a ido, ka ce kai malami ne a wata kwaleji nan garin, kana so a haɗa maka abincin dabba, amma a cika shi da narkakken kitsen shanu har ya riƙa naso a hannu. Na ce, “Malam, me kake kiwo haka? Wannan ko rago ya ci sai ya yi zawo.”

Ka ce, “Ɓeraye.”

Sai da ma'aikatana suka ajiye buhu don dariya. Na ce, “Bawan Allah, shekara da shekaru ina yaƙi da ɓera a sito, ba irin shinkafar ɓeran da ban saya ba, yau kuma ka zo in haɗa musu gara?”

Ba ka ji haushi ba. Ka yi dariya tare da mu, sannan ka roƙe ni in raka ka mahauta. Can ka sa aka yanko mana tsoka biyu. Ɗaya ja wur, ta saniyar da ta yi rayuwarta tana tafiya. Ɗaya kuwa farin kitse ya shiga tsakanin silin namanta ya yi mata zane. Ka ce mini tsoka ita ce injin jiki, a cikinta ake ƙona maiƙo da sukarin da mutum ya ci. In kitse ya shige ta ya zauna, sai ta zama kamar injin da baƙin mai ya toshe, yana shan mai ba ya ja. Daga nan sukari ya rasa mai ƙona shi, ya taru a jini. Ka ce kai ɗan makiyaya ne, a ruga ka tashi wajen Kumbashi, ka ga iyayenka suna shan man shanu suna bin shanu har tsufa ƙafarsu garau. Yanzu danginka da suka dawo gari sun ajiye sanda amma ba su ajiye maiƙo ba, ga su nan ciwon suga yana kwantar da su ɗaya bayan ɗaya. Kana so ka gani ko akwai abin da za a ƙara cikin abinci mai maiƙo ya taimaki tsoka ta ci gaba da aikinta, kuma garin ganyen zogale kake so ka fara gwadawa. Ba za a fara da mutum ba, shi ya sa ɓeraye.

Kana magana ina shafa tumbina. Ka gani, ka kau da kai. Wannan kunyar taka ta Fulani ita ta fara saye ni.

Kafin sati ya zagayo na ware maka ɗaki a bayan injina, mai sanyi, na ja masa wutar sola. Aka kawo fararen ɓeraye masu jan ido cikin keji, tsaf da su kamar an wanke. Da ka ce kana buƙatar abin da za su yi gudu a kai don a ga wanda tsokarsa ke saurin gajiya, ka nuna mini hotonsa a waya, na ce ka ba ni kwana biyu. Tsohon bel ɗin inji na yanka, na ciro motar fanka, na tsaya a kan mai walda har ya haɗa shi yadda nake so. Ranar da ɓera na farko ya hau ya kama gudu, tsalle ka yi kamar yaro, ka rungume ni, ka ce, “Alhaji, wallahi kai injiniya ne!” Ba wanda ya taɓa kirana haka. Ban musa ba kuwa.

Kashi na farko ya lalace, kuma duk wanda ya san labarin ya san a hannun wa. Yayanka Malam Ɗayyabu ya zo daga ruga duba ka, bai same ka ba, aka nuna masa ɗakin. Ya tsaya ya ƙare wa dabbobin kallo, ya tambayi mai gadi yaushe rabon da a ba su kanwa. Aka ce ba a taɓa ba su ba. Ransa ya ɓaci. A ce ɗan gidansu yana kiwo, ko na mene ne, wata da watanni ba kanwa? Sai ya kwance ƙullin da ke aljihunsa, ya bi kowace kwalbar ruwa ya jiƙa musu, ya kuma dawo washegari ya ƙara, don gyaran ya kama. Aikin wata biyu ya tashi a banza, tunda yanzu ko an ga canji a tsoka ba mai iya cewa na zogale ne ko na kanwa. Ni na ɗauka ranar za a ji kanku. Sai kawai ka zauna a kan buhu, ka fashe da dariya har da hawaye, ka ce, “Hamma, Allah Ya saka da alheri. Ka yi abin da Baffa ya koya mana.” Bayan ya tafi ka ce da ni, “Laifina ne, Alhaji. Na yi wa turawa bayanin aikina a takarda, ban taɓa zaunar da yayana na yi masa ba.” Da yamma ka bi shi masauki ka yi masa.

A kashi na biyu ne ka ɗora mini amanar da ta sa nake wannan rubutu. Ka raba ɓerayen gida biyu, ka shafa wa wasu jar tawada a wutsiya, wasu shuɗiya. Duka za su ci abincin nan mai kitse, amma gida ɗaya ne za a zuba wa zogale a nasa. Ka ce ni zan zaɓi gidan, ni zan haɗa abincin, ni zan zuba musu da hannuna, kuma kada in kuskura in faɗa maka wane ne wane, kada kuma in faɗa wa Malama Rose Philip, ɗalibarka mai neman digiri na biyu, wadda ita ke awo tare da kai. Na ce, “Dakta, aikinka ne, kuma a ɓoye maka?”

Ka ce, “Alhaji, in ka kai ragonka kasuwa, kai ne za ka faɗi gaskiyar ƙibarsa?”

Na ce, “Ni ai nawa kullum ya fi na kowa.”

Ka ce, “To ni ma haka nake son zogalen nan ya ci. In na san masu cin sa, idona zai ƙara musu ko ban yi niyya ba. Sai an gama awo duka, an rufe, sannan ka buɗe bakinka.”

Ban taɓa jin mutum ya ɗaure hannun kansa haka don tsoron kada ya yi wa gaskiya coge ba. Amma akwai matsala, domin zogale kore ne, ko makaho ya ga burbushinsa a keji zai gane. Wannan kuma ni na warware ta. Kalar da masu yin kek ke zubawa na sayo, na rina abincin gida biyun ya zama iri ɗaya sak, har ni sai na duba ɗaurin bakin buhu nake bambancewa. Ka juya shi a tafin hannunka, ka ce ko a jami'a ba ka ga an yi mai kyan wannan ba. Sannan ka tambaye ni cikin raha, “To Alhaji, in ka mutu fa? Sirrin ya bi ka ke nan?” Na ce kada ka damu, na faɗa wa Hajiya Delu, matata, ita kuwa ko ni ban san rabin abin da ke cikinta ba. Muka yi ta dariya. Tawa mutuwar muka yi wa shiri, Dakta.

Akwai abubuwan da na gani a ɗakin nan da ba su cikin bincike. Ba ka taɓa ɗaga ɓera da ƙarfi ba. Ka ce dabbar da aka tsare a keji haƙƙinta yana wuyan mai tsaron, za a tambaye shi. Leburana ya yanke a hannu, kai ka wanke ka ɗaure, ka kai shi asibiti a kan acaɓa. Ni kuma ka dame ni sai da na je aka auna jinina, aka samu suga ya fara hawa. Ka hana ni shayi mai kauri, ka sa ni tafiya daga gida zuwa inji a ƙafa, mutane na cewa Alhaji Nuru ko mota ta lalace ne. Da na hango kasuwa, don ni ɗan kasuwa ne, na ce mu ƙulla garin zogale a roba mu buga sunanka a jiki, nan ne kaɗai na ga fuskarka ta canza. Ka ce, “Ɓera ba mutum ba ne, Alhaji. Ko ya yi musu aiki, ƙofa kawai muka buɗe. Kada ka sayar wa marar lafiya abin da ba mu sani ba.” Ban sake tayar da zancen ba.

Ana tsakiyar aikin ciwon ƙoda ya kwantar da kai. Malama Rose ta ci gaba da awo, ni na ci gaba da zuba abinci. A sikeli dai ban ga abin da ya faranta mini rai ba. Ja da shuɗi duk sun yi ƙiba, sun yi luƙui, nauyinsu kusan ɗaya. Ni da na saba auna kiwo da nauyi sai na riƙa cewa ko dai wahalar banza muke yi. A kan bel kuwa idona yana nuna mini kamar gida ɗaya ya fi jimiri, amma ai ni ne mutumin da ka ce kada a yarda da idonsa, tunda na san sirrin.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci na je duba ka. Na tarar ka rame, muryarka ta yi ƙasa. Na duba na ga abin da ba na so in gani. Zuciyata ta ce, mutumin nan ya ba da ƙarfinsa ga aikin nan, a bar shi ya tafi bai san ko da wane gida ne ba? Na matso da kujera, na sunkuya, na ce, “Dakta, bari in faɗa maka. Daga ni sai kai.”

Ka ɗago hannu da ƙyar ka ɗora a kan nawa. Ka ce, “A'a, Alhaji.”

Na ce, “Wa zai sani?”

Ka ce, “Rose tana zuwa gaishe ni, tana karanta mini awo. In ka faɗa mini, fuskata za ta faɗa mata.” Ka huta kaɗan, sannan ka yi murmushin nan naka. “Ka riƙe. Kai da ka iya ɓoye wa dillalai farashi, wannan ne zai gagare ka?”

Na fito na zauna cikin mota na daɗe ban tayar ba. Ba mu sake magana mai tsawo ba bayan wannan.

Bayan an tashi daga zaman makoki sai ga Malam Ɗayyabu a inji, idonsa ja. Ya ce a wajen gaisuwa ya ji wasu na raɗa, wai ɗan Fulani ya mutu bai bar garken komai ba sai na ɓeraye. Abin ya soke shi. Ya ce a buɗe kejin nan yau, a zubar da su, a rufe maganar. Wallahi ban ga laifinsa ba, ƙauna ce. Amma da an buɗe, shi ke nan, komai ya bi ka. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, “Malam Ɗayyabu, da shanu ƙaninka ya ba ni kiwo, ya ce in riƙe sai kaka, za ka zo ka kore su daji da damina don wani ya yi raɗa?”

Ya ce, “Shanu daban.”

Na ce, “A wurinsa ba daban ba ne. Kai ma ka sani, tunda kai ka fara ba su kanwa.”

Ya dube ni kamar zai yi faɗa, sai kuma ya fasa. Ya ce in buɗe ya gani. Ya shiga ya bi kejin ɗaya bayan ɗaya a hankali, yadda makiyayi ke zaga garke da safe. Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya zazzage aljihun rigarsa a gabana, ya ce, “Ka gani, ban zo da komai ba.” Daga ranar duk zuwan da zai yi gari sai ya biyo ya tambayi lafiyarsu, kuma shi da kansa ya je ya samu masu raɗar.

Malama Rose ta yi abin da ko ɗan cikinka sai haka. Ita ma sau ɗaya ta gaza, ta ce, “Baba Alhaji, ko da ido ne ka nuna mini, hankalina ya kwanta.” Na ce, “'Yata, wanda ya fi ki matsayi a wurina ma bai ji ba.” Ta share hawaye ta koma kan awonta. Da lokaci ya cika, ita da wani abokin aikinka suka sa wa ɓerayen maganin barci kamar yadda ka tsara, don kada su ji zafi, suka ɗebi tsokar cinya. Ni na cika kular sanyi da ƙanƙara aka saka tsokar a ciki, na ce ba direban da zan ba wa wannan kaya. Da kaina na tuƙa har ɗakin gwaji na jami'a a Minna, ina kauce wa ramuka kamar na ɗauko ƙwai.

Jiya da safe muka taru a ɗakin nan na bayan inji, wanda yanzu ba kowa cikinsa sai kejin wofi. Ni, da Malama Rose, da abokin aikin naka, da Malam Ɗayyabu. Rabin magana yana wurinta, rabi yana wurina. Ta ce an gama awo, an rufe, ba mai iya taɓa shi kuma. Ta ce a nauyin jiki gida biyun ba su da wani bambanci. Sannan ta ce amma a cikin tsoka labarin daban ne. Gida ɗaya kitsen da ya shige tsokarsu bai kai na ɗayan ba ko kusa, tsokar tasu ta fi jan sukari daga jini, kuma su ne suka fi daɗewa a kan bel kafin su gaji. Na ce, “Wane gida?”

Ta ce, “Masu shuɗin wutsiya.”

An ce kabbarar da na yi sai da aka kashe inji, ma'aikata suka rugo suna zaton gobara ce. Hulata ban san inda ta faɗi ba. Malam Ɗayyabu ya riƙe ni yana cewa, “Alhaji, faɗi mana, su ne ko ba su ba ne?” Ni kuwa kai kawai nake gyaɗawa, ina dariya, hawaye na zuba. Malama Rose ta durƙusa a wurin ta rufe fuskarta.

Na san abin da za ka ce, don haka bari in riga ka. Ɓera ba mutum ba ne. Gwaji ɗaya ne, a ɗaki ɗaya, sai an maimaita, sai wasu sun duba. Kada wani mai ciwon suga ya karanta wannan ya ajiye maganin likita. Kuma duk wanda na ga ya buga sunan Dakta Abdulfatahi a jikin roba yana talla a tasha, ni da shi ne. Abin da na sani shi ne aikin ya fito da tsabtarsa, ba hannun da ya karkata shi. Malama Rose za ta rubuta shi da sunanka a gaba. Ɗakin nan kuma, da solarsa da bel ɗinsa, na bar shi ga duk ɗalibin da zai ɗora daga inda ka tsaya, muddin ina raye.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Kubura, da 'ya'yanka Nuriyya da Jannatu, da Malam Ɗayyabu da dukkan dangi na Kumbashi, da ɗalibanka da abokan aikinka. Allah Ya ba ku haƙurin da ya fi ƙarfin wannan rashi, Ya raya abin da ya bari, Ya tsaya musu. Ya Allah, bawanKa Abdulfatahi ya ji tsoron ƙara ko da ƙwayar zarra a kan gaskiya. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi, Ka sa wannan ilimi ya zama mai gudana a gare shi, Ka sada shi da Aljannar Firdausi. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Na sani sarai wanda ya kwanta ba ya karanta jarida. Amma amana ce, kuma mai ita ake mayar wa. Na riƙe, Dakta, ban faɗa ba, ko da ido. Yanzu an gama awo, an rufe, bakina ya buɗe.

Shuɗi ne, Dakta. Shuɗi na zuba wa zogalen.

Alhaji Nuru Jiya
Kontagora